Batir Biyu a Kan Kwano

Tun kuna ƙanana kuke jin ana cewa Baffanku Sale mutum ne mai sakaci, wai ya sayar da bijimin noma ya sayi abin wasa, abin wasan kuma ya lalace a hannunsa tun kafin ruwa ya sauka. Ku ma na sha jin kuna faɗa kuna dariya. In wani ya ɓarnatar da abu a gidan nan sai ku ce ya yi irin ta Baffa, ni kuwa ina zaune ina jinku ban taɓa cewa uffan ba. To yanzu gwiwa ta hana ni hawa tsani, na samu lokacin zama, kuma ba na son in tafi da wannan magana a cikina. Ku karanta ta yadda na rubuta, kada wanda ya gyara mini ita don ya rufa mini asiri.

Ni na koya wa Sale kafinta. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shekara tara ce tsakaninmu. Lokacin da mahaifinmu ya rasu ina da rumfata a Gumel, an san ni da ɗaura kwano, daga nan har Gagarawa in ana maganar rufi sai an ambaci Habu kafinta. Ni na nuna masa riƙon zarto, ni na nuna masa yadda ake tafiya a kan rufi ana bin layin ƙusa don kada a lotsa kwano. Ya yi shekaru a hannuna, ya yi aure, na yaye shi, ya buɗe tasa rumfar a hanyar tasha. Ban ji komai ba a lokacin, don ƙananan ayyuka yake samu, benci da ƙyaure da gyaran gado. Babban aiki in ya taso, ƙofata yake zuwa. Na ɗauka haka aka tsara, kuma haka za a tafi har a mutu.

Sai aka shigo da yayin dogon kwano, mai launin nan shuɗi da ja, wanda ake yankowa daga Kano daidai tsawon ɗaki. Shi wannan kwano ba ya shiri da ƙusa. In ka buga masa guduma sai ya lotsa, ramin ya buɗe, bayan damina ɗaya ruwa ya samu hanya. Sukuru yake so, mai 'yar roba a wuya, a murɗa shi ya shige katako ya zauna daram. Murɗa sukuru da hannu kuwa a kan rufi, ɗaya bayan ɗaya har a gama gida, ba aikin da mutum zai so wa kansa ba ne. Akwai injin huji mai waya, amma ina wutar? A cikin Gumel ma sai an yi sa'a, balle ƙauyukan Sule Tankarkar. Ni dai na ce yayi ne, zai wuce. Sale bai yi musu da ni ba. Wata Alhamis ya ja bijiminsa zuwa kasuwar Maigatari, washegari ya shiga motar Kano, ya dawo da wani akwatin roba a hammata.

A nan tsakar gida ya buɗe shi, gaban Iya, kakarku, wadda a lokacin take zaune a wajena. Injin huji ne marar waya, rawaya da baƙi, da caja, da batir biyu kowanne bai fi tafin hannu ba. Ya ɗauki guntun katako ya danna, sukuru ya shige kamar an tsoma yatsa a kunu. Iya ta ja baya ta ce a'uzubillahi.

"Yaya, batiran su ne kuɗin, ba injin ba," in ji shi. "Litiyom ake ce musu. Cikin awa guda sun cika, ko a wajen mai sola. Abu ɗaya ne ba sa so, zafi. Mai shagon sau uku yana maimaita mini, kada in kuskura in bar su a rana."

Na ce, "Bijimi yana noma, yana jan amalanke, yana ba ka taki. Wannan in ya ji yunwa me yake ba ka?"

Ya yi murmushi ya rufe akwatinsa. Ni kuma na yi dariyata har da buga cinya, amma Allah ya sani tun a wannan lokacin abin ya tsone mini ido.

Ba a yi wata uku ba sunan Sale ya fara zagawa. Ya rufe shaguna a Gagarawa cikin kwana biyu, aikin da ni zan yi mako ina fama. Ya rufe gidan wani direban babbar mota a Maigatari. Mutanen da suka saba tsayawa a rumfata sai su ɗaga mini hannu daga kan babur su wuce hanyar tasha. Akwai wanda ya zauna a bencina, ya sha ruwana, muka yi doguwar gaisuwa, sannan ya ce don Allah ina zai samu ƙanena. Ba wai na rasa abin ci ba ne, kada ku ɗauka haka. Aikina na tsohon kwano yana nan. Ƙyashi ne kawai, tsagwaronsa. In na ji an yabe shi sai abinci ya fita raina. In ya zo gaishe da Iya ya ajiye mata ledar nama, sai in ga kamar da ni yake. Mahaifiyarku ta gane tun da wuri, don ita ba a ɓoye mata fuska.

"Malam, ɗan'uwanka ne fa," ta ce mini wata rana tana tankaɗe. "In abin ya burge ka, ka tambaye shi inda ya saya mana."

"Ni in tambayi Sale? Yaron da na koya wa riƙe guduma?"

"To ka zauna kana shan kunu, kwanon dai ba zai rufe kansa ba."

Ban tambaye shi ba. Na jira Alhamis na tafi Maigatari ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba. A layin 'yan kayan ƙarfe na samu wani ɗan Damagaram ya baza kaya a tabarma, ga inji nan rawaya da baƙi, kai ka ce tagwayen na Sale ne. Kuɗinsa bai kai na tunkiya ba. Na ɗaga na ji nauyi kamar bulo, na ɗauka nauyin nan shi ne inganci.

"Wannan da na Kano uwarsu ɗaya," in ji mai kayan. "Su can suna ne suke sayar maku. Ɗauki, caja ma kado na ba ka, kyauta. Allah shi ba da sa'a."

Na dawo gida ina jin na yi wa duniya wayo. Na ce a raina ga shi Sale ya zubar da bijimi, ni kuwa da canji na samu abu ɗaya. Sai da na fara aiki da shi na san abin da na sayo. Batirinsa irin na da ne. In na kai shi wajen mai cajin waya da safe, sai la'asar zai cika. In na ajiye shi kwana biyu ban taɓa ba, sai in tarar ya zube da kansa. In kuwa na hau rufi, sukuru ashirin ko talatin zai fara wani kuka kamar ɗan akuyar da aka hana nono, daga nan ya yi shiru. Amma ban daina rataya shi a rumfa ba, inda duk mai wucewa zai gani.

A bazarar shekarar ne Alhaji Muntari, wani dillalin riɗi da zoɓo, ya gina katafaren sito a wani ƙauye arewa da Sule Tankarkar. Da can ni ne kafintansa, ni na rufe masa gida. Amma wannan karon ba ni ya kira ba, Sale ya kira. Sale kuma ya zo rumfata da sassafe, ya cire takalmi, ya durƙusa kamar yadda ya saba.

"Yaya, aikin nan ya fi ƙarfina. Katakon sito irin wannan ba wanda zai haɗa shi sai kai. Ka yi katako, in bi da kwano, mu raba."

Yanzu da nake rubutawa na san girmamawa ce. A ranar kuwa abin da kunnena ya ji shi ne, ƙanena ya ɗauke ni aiki. Na amsa, don ba ni da dalilin ƙi da zan iya faɗa a gaban mutane, amma na tafi da zuciya a cunkushe, da injina a cikin buhu.

Katakon ya yi kyau, wannan ko maƙiyina ya shaida. Ranar da muka fara shimfiɗa kwano na ce ni zan kama ɓangaren gabas, shi ya kama yamma. Mutanen ƙauye suka taru a gindin wata tsamiya suna kallo, don ba su taɓa ganin ana rufi ba a jin ƙarar guduma ba. Ban gama falle uku ba injina ya fara kukansa, ya mutu a hannuna. Na girgiza shi, na bubbuga shi a cinya, ko motsi. Can ɓangaren Sale kuwa sai zit, zit, zit kake ji, ba tsayawa. Sai wani tsoho daga ƙasa ya ɗaga murya, ba da mugun nufi ba ma.

"Af, na babban ne ya yi shiru? To na ƙaramin dai yana ta magana."

Aka kwashe da dariya. Na shekara talatin ina hawa rufi, ban taɓa jin ina son in faɗo ba sai ranar. Sale ya yi kamar bai ji ba, wannan kuma ya ƙara ƙona mini rai, don da ya yi dariya da na samu abin riƙewa.

Washegari da hantsi aka aiko daga Gumel cewa matarsa Ladi tana naƙuda. Kafin ya hau babur ya kawo mini akwatinsa.

"Yaya, ga shi, duka biyun a cike suke. In sun sauka a kai su wajen mai sola a Sule Tankarkar. Kwana biyu zan yi in Allah ya yarda."

Na hau da shi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne daɗin da na ji. Ba nauyi, ba gardama, ka ɗora ka danna ya wuce. Nan take na san yaron nan ya fi ni gani, kuma bijiminsa bai tafi a banza ba. Na yi ta aiki kamar mai huce haushi a kan kwano, har na farko ya sauka, na sa na biyu, shi ma wajen tsakar rana ya fara ja da baya. To a nan ne hannuna ya yi abin da ya saba. Mu mun tashi mun ga mahaifinmu in batiran rediyonsa sun yi sanyi sai ya jera su a kan katanga su sha rana, da yamma ya mayar ya ji labarai. Haka muke yi da na tocila, kowa a ƙasar nan haka yake yi. Ba tare da wani tunani ba na cire batiran nan biyu na jera su a kan kwano, na ce bari su sha rana su farfaɗo, na sauko.

Har zuwa nan kuskure ne, kuma da a nan aka tsaya da ban rubuta wannan ba. Amma ina tsugune ina alwalar azahar, na wanke fuska ke nan, sai maganar Sale ta faɗo mini, yadda ya faɗe ta a tsakar gida. Na ɗaga kai na dubi rufin. Bazara ce, kwanon nan yana ta wal-wal, in ka ɗora tafin hannu sai ya sale. Tsani yana jingine bai fi taku goma daga inda nake ba. Leburorin da ke miƙo mana kwano ba sa hawa sama, ba wanda ya san abin da ke can sai ni. Na riƙe buta ina kallon tsanin. Sai na ji muryar tsohon nan a kunnena, da dariyar gindin tsamiya. Na ƙarasa alwalata, na yi salla, na ci abinci, na kishingiɗa. Ban hau ba ranar. Washegari ma na ce akwai gyaran katako a ƙasa, na bar su can suka sake wuni. Sai da la'asar na hau na ɗauko su da hulata, don ba sa taɓuwa. Ɗaya ya kumbura har robarsa ta tsage, yana wani wari kamar na fenti. Na mayar da su akwati na rufe, na ajiye a inuwa.

Sale ya dawo baki har kunne, an samu 'ya mace, ita ce Aminar da kuka sani. Ya kai batiran wajen mai sola. Mai kumburin, caja ta ƙi karɓarsa sam, sai jar wuta take ƙiftawa. Ɗayan ya karɓa, amma sukuru goma ya yi ya kwanta. Ya zauna a kan bulo yana jujjuya su a hannu, ya daɗe, sannan ya dube ni sau ɗaya.

"Yaya, sun dai yi aiki kuwa?"

"Sun yi, daga baya suka mutu. Ka san kayan zamani."

Ya ce haka ne.

Sababbin batira sai Kano, kuma kuɗinsu ya kusa rabin abin da ya sayi injin gaba ɗaya, ga hidimar suna a gabansa. Hadari kuma ya fara haɗuwa ta gabas, Alhaji Muntari yana da kaya a waje. Da ya zo ya ga rabin sito a buɗe, ko kallon Sale bai yi ba.

"Malam Habu, dama na san ƙarshenta wajenka za a dawo. A gama mini da ƙusa."

Na gama masa da ƙusa. Sale yana riƙe mini kwano ina bugawa, kamar shekarun da yake koyo. Mutanen tsamiya suka ce ai tsohon hannu daban ne. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi. Kowace guduma na sauke sai in ji wani abu ya sauka daga ƙirjina.

Daɗin bai wuce ranar suna ba. Bayan an watse Iya ta kira mu ɗakinta mu biyu. Labari ya riga ya iso mata, kuma dama bijimin yana ranta, don daga garken mahaifinmu ya fito.

"Sale, ka ga abin da ake gaya maka? Ga damina ta zo, ba ka da abin huɗa. Yayanka ya faɗa maka tun ranar farko, ka ƙi ji. Abin da ka saya da tsada haka, ya mutu tun bai shekara ba?"

Sale yana durƙushe, kansa a ƙasa. Ya ce, "Ba laifin injin ba ne, Iya. Ni na bar batiran a rana."

Ban gaya wa kowa maganar rana ba. Ko leburorin ba su sani ba. Sale ya sani ke nan, ya gane tun da ya ga kumburin, kuma ga ni zaune kusa da shi har kafaɗarmu tana gogar juna. Kalma ɗaya ta isa. Iya ta tafa hannu ta ce ita dai ba ta san inda Sale ya gado sakaci ba, ta ce ya riƙa koyi da yayansa. Ni kuma na buɗe baki na ce, "A yi haƙuri, Iya, tsautsayi ne."

Daminar nan da aron shanu ya yi huɗa, bayan kowa ya gama, amfanin bai zo da kyau ba. Labarin sito kuma ya bazu, masu dogon kwano suka koma kiran 'yan Kano. Bayan kaka ya kwashe iyalinsa ya koma Maigatari, ya shiga aikin katakon bodin manyan motoci masu ɗaukar shanu. Bai daina zumunci ba. Kowace salla yana zuwa, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ba ku barka da salla. Amma bai sake neman shawarata a kan komai ba, bai kuma sake zama a rumfata ba. Sitona na ƙusa kuwa, a damina ta biyu iska ta yaye ɓangaren da na buga ta bar na Sale. Bayan shekara uku ni da kaina na je Kano na sayi irin injinsa, mai tsadar, don aiki ya ƙi yiwuwa sai da shi. Wanda duk ya tambaye ni cikinku ko mai tsada ya cancanci kuɗinsa, amsata ita ce ya cancanta in da shi za ka ci abinci, kuma batir za ka duba kafin launi. Na Maigatari har yau yana cikin buhu a bayan ƙyaure. Nawa na Kano ya yi mini shekara bakwai, ina naɗe batiransa a tsumma ina ajiyewa a bayan randa kamar ƙwai, kuma ban taɓa ɗaukarsu ban tuna ba.

Iya ta rasu shekara shida bayan aikin siton. Ni kuwa sai bara na iya zuwa wajen Sale da maganar. Na hau motar Maigatari ranar da ba kasuwa, na same shi a garejin da yake aiki, furfura ta cika masa gemu, yana auna katako. Ya shimfiɗa mini buhu a inuwar wata mota, ya aika aka kawo mini ruwa. Na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi iyali, na tambayi aiki, har dai na gaji da kaina.

"Sale, batiran nan ni na bar su a kan kwano. Da farko mantuwa ce. Daga baya na tuna, kuma na bar su ina sane."

Ya kaɗe garin katako daga hannun rigarsa.

"Na sani, Yaya. Na yafe maka tun a kan bulon nan da na zauna."

"To me ya hana ka faɗa?"

"In faɗa wa wa? In ce wa Iya babban ɗanta ne? A gidanka take, tuwonka take ci. Gara ta ji haushina ina nesa."

Na fara cewa zan saya masa sabon inji, kowane iri yake so, ya ɗaga mini hannu.

"Bar maganar inji, wannan ya wuce. Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Ranar da na zo dubiya, kwana biyu kafin ta cika, ta kama hannuna ta ce, Sale, ka rage sakaci, ba kullum yayanka zai riƙa gyara maka ba. Ita ce magana ta ƙarshe da ta yi mini. Kana tsaye a bakin ƙofa, Yaya. Na ɗauka ranar za ka yi magana."

Ina tsaye a bakin ƙofar a ranar, gaskiya ya faɗa, kuma na ji ta da kunnena. Aka kira shi a duba wani katako, ya ce in ba shi minti biyu, ya tashi ya tafi. Na zauna a kan buhun nan ina kallon bayansa, ya fara ranƙwafawa irin ta mahaifinmu, har ya sha kwanar motar.